Kafin a ce aljani ne: abin da malamanmu suka sani game da zuciya, hankali da nafsi

Duk wanda ya zauna a zaure ya biya Ahalari ya bi ta kan wata mas'ala a babin rafkanuwa, ko da bai tsaya ya auna nauyinta ba. Mai littafin ya ce mai waswasi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kansa, ya dai yi sujjada bayan sallama, ƙari yake zato ko ragi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta riga shi faɗa: wanda shakka ta aure shi ya kau da kai daga gare ta, babu gyara a kansa. Ga sauran jama'a hukuncin sananne ne, in ka rasa raka'a 3 ka yi ko 4, ka gina a kan 3 ka ƙaro ɗaya. Shi wannan bawan Allah an juya masa hukuncin gaba ɗaya. Malaman Malikiyya har ma'aunin gane shi suka ajiye: wanda shakkar take zo masa kullum, ko da sau ɗaya a yini.

Wannan hukunci magani ne. Sun gane cewa duk lokacin da mai waswasi ya sake alwala don hankalinsa ya kwanta, kwanciyar ta 'yan mintoci ce, kuma da ita shakkar take ƙara ƙarfi. Yau buta ɗaya, gobe biyu ba za su ishe shi ba. Sai a 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya fara gwada irin wannan hanya a asibiti: a bar majinyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, a hana shi maimaita abin da ya saba yi don samun sauƙi, har fargabar ta sauka da kanta. Yau tana sahun gaba cikin hanyoyin da ake bi wa wannan ciwo a duniya.

Mun gaji ilimi mai zurfi game da cikin ɗan Adam, sai muka jingine shi, muka taƙaita komai a amsa biyu. In mutum ya rikice, aljani ne ko sammu. In ya shiga ƙunci, ƙarancin imani ne. A ganina duk wanda ake kawo wa mutane a irin wannan hali, limami ne, mai ruƙiyya, malamar Islamiyya ko uba a gidansa, dole ya san sassan da malamai suka rarrabe, domin kowane sashe da irin lalacewarsa da irin gyaransa. Wanda bai san su ba zai yi ta ɗirka wa mutum maganin wani ciwon daban, da kyakkyawar niyya kuwa.

Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, ya buɗe rubu'i na uku na Ihya'u da bayanin abubuwa 4: zuciya, ruhi, nafsi da hankali. Ya ce a ƙarshe dukansu suna komawa ga abu ɗaya, wato wannan ɓoyayyen abu mai sani da ganewa wanda shi ne ainihin mutum, sai dai ana duban sa ta fuskar aikin da yake yi.

Ruhi ba mu da dogon zance a kansa, aya ta 85 a Suratul Isra'i ta tsayar da mu. Abin da ya shafe mu a aikace shi ne darajar mutum tana tare da shi, kuma taɓin hankali ba ya cire ta. Wanda yara ke bi da jifa a bakin kasuwa yana ɗauke da ruhin da aka busa masa kamar yadda aka busa wa liman.

Hankali shi ne abin rarrabewa, a kansa aka rataya hukunci, shi ya sa aka ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Kuma cikin sassan nan shi ne ya fi jingina da jiki. Zazzaɓi mai zafi yana birkita shi, haka rashin barci na kwanaki, haka bugu a ka, haka faɗuwar suga a jini, haka ƙwaya. Gwada shi ba wuya. Ka tambayi mutum ina yake, wace rana ce, su wane ne waɗannan da ke zaune tare da shi. Ka saurara ko maganarsa tana haɗuwa ko tsalle take yi. Ka tambaye shi cikin natsuwa ko yana jin wata murya da sauran mutane ba sa ji, ko yana ganin ana bibiyarsa. In ɓarakar a nan take, wa'azi ba shi da ƙofar shiga. Faɗa da duka kuwa zalunci ne tsagwaronsa, domin kana hukunta wanda Allah da kansa ya ɗauke wa hukunci.

Nafsi shi ne mazaunin sha'awa da fushi. Alƙur'ani ya ambace shi da siffa 3: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai yawan zargi a Suratul Ƙiyama, da natsattse a Suratul Fajri. Malaman ɗariƙa sun faɗaɗa matakan zuwa 7, amma ukun nan sun ishe mu. Yanayi ne da mutum ɗaya yake shiga yana fita, wani lokacin a yini guda: da asuba natsattse, da azahar a kasuwa ya tauye mudu, da dare ya kasa barci yana zargin kansa. Akwai masu gaggawar cewa wannan daidai yake da yadda Sigmund Freud, likitan nan ɗan Austriya, ya raba ran ɗan Adam gida uku a 1923. Ban yarda ba. A wurin Freud iyakar abin da za a samu shi ne sulhu tsakanin sha'awa da tsoron jama'a, babu wani matsayi na natsuwa da ake hawa zuwa gare shi, babu kuma Ubangijin da ake komawa gare shi.

Gazali ya kwatanta hankali da mafarauci a kan doki, sha'awa ce dokin, fushi kuma karen farautarsa. In mahayin gwani ne, dokin horarre, karen mai jin kira, za a dawo da nama. In mahayin bai iya ba, doki ya yi nasa wuri kare ya yi nasa, to kansa ma yana cikin haɗari. Lura, bai ce a yanka dokin ko a kashe karen ba. Wanda aka kashe wa fushi gaba ɗaya ba zai kare iyalinsa ba, wanda aka kashe wa sha'awa ba zai ci abinci ko ya yi aure ba. Horo ake nema. Tarbiyyar da take son yaro ya zama ba ya musu, ba ya tambaya, ba ya nuna ɓacin rai ko kaɗan, ta saɓa wa wannan fahimta, kuma sau da yawa abin da take haifarwa shi ne babba mai haɗiye komai har ranar da zai fashe.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen nafsi mai zargi, domin ciwon damuwa yana shigowa da irin kayansa. Ga yadda ake bambancewa. Zargi mai lafiya yana kama laifi takamaimai: na ci naman wane jiya, na bar sallar asuba. Yana tura mutum ga gyara, ya nemi gafara, ya biya haƙƙi, sannan ya sake shi ya ci gaba da rayuwa. Zargin ciwo ba shi da takamaiman laifi, cewa yake ni banza ne, ni nauyi ne a kan kowa, Allah ba zai karɓi komai nawa ba. Ba ya kai ga gyara, tuba sau ɗari ba ta kashe shi, ya fi tsanani da sassafe, kuma yana zuwa tare da farkawa tsakar dare da ƙin abinci. Wanda ya zo da irin wannan aka karanto masa ayoyin azaba don ya farka, an ƙara masa duwatsu ne a kan kayan da suka riga suka danne shi.

Zuciya kuwa ita ce tsokar da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya ce in ta gyaru jiki duka ya gyaru. Ita ce mai niyya, mai so da ƙi, mai karkata zuwa ruhi ko zuwa nafsi. Cututtukanta sanannu ne: hassada, girman kai, riya, jiji da kai, ƙullaci. A nan ne wa'azi da zikiri da tuba da zama da mutanen kirki suke aiki, babu kuma ƙwayar da za ta maye gurbinsu. Amma lafiyar zuciya ba ta hana baƙin ciki. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, babu wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunun gari mai ruwa-ruwa, a ba waɗanda aka yi wa rasuwa, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana tafiya da wani sashe na baƙin ciki. Wato har abinci yana da hannu a abin da ke cikin ƙirji.

Akwai wani bayani na Gazali da nake ganin ya kamata kowane malamin Islamiyya ya haddace, shi ne matakan da ke tsakanin tunani da aiki. Na farko abin da ya ɗarsu, ya faɗo a rai ba da gayya ba. Na biyu karkata, jiki ya ji yana so. Na uku hukuncin zuciya cewa ya kamata a yi. Na huɗu ƙudurta niyya. Ya ce biyun farko ba a kama mutum da su, domin ba zaɓinsa ba ne, ya kafa hujja da hadisin da ya ce Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da rayukansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. Amfanin wannan a aikace babba ne. Akwai samari da 'yan mata masu yawa da mummunan tunani game da Allah ko Annabi yake faɗo musu a cikin salla, su ɗauka sun kafirta, su yi ta sake kalmar shahada, wasu har su bar sallar don gudun tunanin. Sahabbai sun kawo irin wannan kuka, aka tambaye su ko suna jin girman abin har ba sa iya furta shi, suka ce e, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Abin da za a gaya wa yaron ke nan: tunanin yana mataki na ɗaya, ƙyamar da kake ji shaida ce a gare ka, kada ka yi gardama da shi, kada ka sake shahada, kada ka je wurin malami na biyar neman tabbaci. Neman tabbacin ma wani nau'in sake alwala ne. Malamin da yake amsa masa tambaya ɗaya kullum cikin tausayi, ciyar da ciwon yake yi bai sani ba.

Sai maganar hali. Muna cewa hali zanen dutse, kuma rabin maganar gaskiya ne. Lokacin da Annabi ya gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da ɗabi'u biyu da Allah yake so, haƙuri da rashin gaggawa, sai ya tambaya ko shi ya koye su ko an halicce shi da su, aka ce masa an halicce shi a kansu. Binciken da aka yi a kan tagwaye ma ya nuna kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin halayen mutane gado ne. Saboda haka yaron da ba ya son hayaniya ba lallai miskili ba ne, mai ƙiriniya kuma ba lallai shaiɗan ne ya shige shi ba. Kowa da irin ƙasar da aka gina shi da ita. Ɗaya rabin maganar ne Gazali ya yi wa raddi da kakkausan harshe: in hali ba ya canzawa, to wasiyya da wa'azi da ladabtarwa duk aikin banza ne. Ya fassara hali da cewa siffa ce da ta zauna daram a rai, ayyuka suke fitowa daga gare ta cikin sauƙi ba sai an tsaya tunani ba. Wanda ya yi kyauta sau ɗaya yana cije baki bai zama mai kyauta ba tukuna. Amma ta wannan cije bakin ake farawa: marowaci ya tilasta wa hannunsa bayarwa, yau da gobe, har abin ya daina yi masa ciwo.

Hanyar tana da tsari. Da farko a san aibin, kuma mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Gazali ya ba da ƙofofi 4: malami masanin cututtukan rai, aboki mai gaskiya da ka roƙa ya riƙa faɗa maka, bakin maƙiyinka domin shi ba ya rufa maka, da kuma duban abin da kake ƙi a wurin wasu ka neme shi a kanka. Bayan haka sai aikin yini: da safe ka yi wa kanka sharaɗi, da rana ka sa ido, da dare ka yi lissafi. Wurin da mutane suke faɗuwa guda uku ne. Suna ɗaukar aibi goma a lokaci ɗaya, ranar Laraba sun gaji. Suna yin sharaɗi mai faɗi irin na daina fushi, maimakon ƙarami mai kamuwa irin yau in yaro ya ɓata mini rai zan zauna kafin in yi magana, wanda shi ne ma umarnin hadisi, mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kishingiɗa. Na uku, suna wuce tsakiya su faɗa ɗaya gefen, marowaci ya koma almubazzari, matsoraci ya koma mai ganganci. Gargaɗi ɗaya kuma: lissafin dare da hukunta kai ba na mai ciwon damuwa ba ne, ba kuma na mai waswasi ba. Su biyun lissafin ne ya riga ya yi musu yawa.

Wanda ya fi burge ni a wannan fage ma ba Gazali ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, almajirin masanin falsafa al-Kindi, ya rasu a 934, ya bar littafi kan maslahar jiki da rai wanda ya daɗe kwance a ɗakin littattafai na Ayasofiya a Istanbul. Farfesa Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fitar da fassarar sashen da ya shafi rai a 2013. Balkhi ya kasa matsalolin rai gida 4: fushi, tsoro da firgici, baƙin ciki, da waswasi. Da ya zo kan baƙin ciki ya raba shi biyu. Akwai mai sanannen dalili, rasuwa ko asarar dukiya, wannan maganinsa magana ce, daga waje ta bakin mai hikima, daga ciki kuma ta tunanin da mutum ya tanada tun yana lafiya. Akwai kuma wanda yake sauka haka kawai ba dalili, ya hana mutum kuzari da jin daɗin komai. Wannan ya ce tushensa a jiki yake, kuma ta jiki ake bi masa. Malami Musulmi ne ya rubuta haka fiye da shekara 1,000 da suka wuce, mu kuwa har yau in mace ta ce ba ta jin daɗin komai sai a ce mata me aka rage ki da shi, ki gode wa Allah.

Gazalin kansa ya ɗanɗana. A 1095, yana kan ganiyar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ƙulle, ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa. Likitoci suka duba suka ce abu ne da ya sauka a zuciya ya bazu zuwa jiki. Su likitocin sun san iyakarsu, shi ma bai ƙi zuwa wurinsu ba.

To in an kawo maka mutum, ta ina za ka fara? Ta jiki, kullum. Rikicewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwana biyu tare da zazzaɓi, ciwon kai ko sanƙarewar wuya, asibiti ce a daren nan, domin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka ba sa jiran a gama sauka. Mai jegon da ta daina barci, take sambatu ko take ƙin jaririnta a makonni biyun farko, wannan ciwo ne sananne da ke samun mace 1 zuwa 2 cikin haihuwa 1,000, yana warkewa da magani, jinkiri kuwa yana iya cin ranta ko na ɗan. Mai faɗuwa yana karkarwa yana kumfa, a kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a gudu don yawunsa ba ya harbin kowa, in abin ya wuce minti 5 a ɗauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Saurayi kuwa a tambaye shi abin da yake sha, a keɓe, ba gaban mahaifinsa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya sun kai miliyan 14.3, kuma shan tiramadol da yawa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya.

In jiki ya fita, a gwada hankali da tambayoyin da na ambata. In shi ma lafiya, a duba yanayin rai: ƙunci ko rashin sha'awar komai kusan kullum har mako 2, tare da lalacewar barci da ci da kuzari. A nan sai an iya sauraro, domin kunya da haƙurin da aka tarbiyyantar da mutanenmu a kai, musamman mata, ba sa barin su ce ina cikin baƙin ciki. Cewa za ta yi kaina yana zafi, ƙirjina yana bugawa, wani abu yana yawo a jikina, jikina duk ya mutu. Waɗannan kalmomin ne kuma ake ji a yanke cewa iska ce. Kuma a yi tambayar da kowa ke tsoro, kai tsaye: kina jin gara ki mutu, kin taɓa tunanin yi wa kanki illa? Tambayar ba ta dasa tunanin. In amsar e ce, ba a barin ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya da sauran guba daga gidan, a tafi asibiti. Sai bayan duk wannan ake zama a kan nafsi da zuciya, ɗabi'un da za a horar da cututtukan da za a wanke.

Ba ruƙiyya nake yaƙa ba. Ta tabbata a sunna, an ce babu laifi a cikinta matuƙar babu shirka, kuma wanda ya halatta ta shi ne ya ce ku nemi magani bayin Allah. Karatu a kan mara lafiya yana tafiya da kowane magani. Abin da nake ƙi shi ne mayar da ita na'urar gano ciwo. A rufe ɗaki, a turnuƙa hayaƙi, a ɗaga murya a kunnen yarinyar da ta kwana uku ba barci, dangi sun kewaye ta kowa yana jiran aljani ya yi magana. In ta yi kuka ko ta yi ihu ko ta amsa sunan da aka yi ta maimaita mata, wannan bai tabbatar da komai ba face tana cikin firgici. Mafi muni shi ne a ce a ajiye maganin asibiti don kada ya haɗu da na Musulunci. Mai farfaɗiya da aka yanke wa magani rana ɗaya yana iya shiga faɗuwar da ba ta tsayawa.

Asibiti ma yana da nasa kason laifin. Malik Badri ya yi wannan kuka tun 1979, cewa masana Musulmi suna kwaso ra'ayoyin da aka gina a kan cewa mutum ba shi da ruhi suna shafa wa jama'arsu. A aikace abin ya fi haka sauƙin gani. Majinyaci ya yi sammako, ya sami minti biyar, a rubuta masa takarda. Ba a gaya masa maganin damuwa yana ɗaukar mako 2 zuwa 6 kafin a ji aikinsa ba, sai ya ajiye a kwana na goma ya ce bai karɓe shi ba. Ba a gaya masa zai ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan ya ji sauƙi ba. Ba a gaya wa dangi cewa tsofaffin magungunan taɓin hankali suna iya sanƙarar da jiki, su sa karkarwa da dalalar yawu, kuma ana gyara wannan da rage awo ko ƙarin wani magani, sai su gani su ce asibiti ta ƙarasa shi. Ba a tambaye shi yadda zai yi da azumi ba. Wanda ya fita da waɗannan tambayoyin a ransa zai kai su inda za a zauna a saurare shi.

Kuma mun ga inda rashin wannan ilimi yake kaiwa. A Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, bayan 'yan makonni aka sake ganin irin haka a Daura. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biya. A wuri ɗaya aka tara mai shaye-shaye, da mai taɓin hankali, da yaron da kawai ba ya jin magana, aka ba su magani ɗaya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, abin a yaba ne. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri ba za su ɗauke Arewa duka ba. Ko an so ko an ƙi, ƙofar malam ce ta farko da za a ƙwanƙwasa.

Shi ya sa nake ganin a horar da malam ya fi a yi ta zaginsa. An taɓa gwadawa. Tun 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 kuma tawagar Farfesa Oye Gureje ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke ziyartar masu taɓin hankali a wuraren masu addu'a da masu maganin gargajiya suna ba su magani a can, waɗanda aka yi wa haka suka fi samun sauƙi bayan wata 6. Namu ma ya fi sauƙi, tunda ba sai an shigo wa malam da baƙon ilimi ba, nasa za a tuna masa. Babin abubuwan mamakin zuciya da babin horar da nafsi na Ihya'u, da rabe-raben Balkhi, su shiga manhajar manyan azuzuwan Islamiyya da kwasa-kwasan limamai, a haɗa da kwana biyu na alamomin haɗari daga bakin ma'aikacin lafiya. Kowane masallacin Juma'a ya san sunan ma'aikaci ɗaya a asibitin da ya fi kusa da lambarsa. In malam zai tura mutum, ya rubuta 'yar takarda: yaushe abin ya fara, akwai zazzaɓi ko babu, kwana nawa ba barci, me aka riga aka ba shi ya sha ko ya shaƙa. Ya kuma ce wa dangin su dawo masa bayan mako biyu da ledar maganin a hannu, ya ƙirga ya ga ko ana sha.